An Sallami Baba

Likita ya sallami mahaifinmu bayan aikin ƙaba da aka yi masa, amma mai gadin ƙofa bai sallame shi ba. A nan na koyi darasin da babu shi a manhajar da nake koyarwa: a asibitin kuɗin nan na wajen Ketaren Gwari, warkewa daban, fita daban. Sai an cika kuɗin aiki. Gadon da aka tsare shi a kai kuma kullum ƙara nasa kuɗin yake yi, sai ka ce Baba ne ya nemi masauki.

Da kuɗin dubiya muka dogara. Mutanen unguwarmu, Sauka Kahuta, ba sa duba mara lafiya hannu rabbana. Kowa zai cusa ɗan wani abu ƙarƙashin filo, ya ce a sayi lemo. Da wannan muke rage bashin.

Sai Baba ya ɓata mana lissafi. Tela ne, jikan waɗanda jirgin ƙasa ya kawo Minna, kuma bai taɓa yarda a ga gazawarsa ba. Duk wanda ya shigo, sai ya miƙe zaune ya gyara hula.

"Ai an sallame ni. Gobe ina gida."

Na ce, "Baba, a daina faɗa musu haka mana."

"To in ce me, Malam? In ce an ba da tsoho jingina?"

Labari ya zaga unguwa. Wa zai je dubiyar mai lafiya? Ƙarƙashin filo ya bushe. Jama'a suka koma gida wurin Inna suna yi mata barka da arziki, ita kuma tana dama musu kunu, tana cewa yana hanya.

Albashina bai shigo ba, ko ya shigo ma an san iyakarsa. Da Baba ya ga gobe ta ƙi zuwa, da bakinsa ya ce a kai keken ɗinkinsa kasuwa. Keken ya girme ni. Da shi aka biya mini kuɗin makaranta.

Da muka cike bashin da kuɗin keken, mai karɓar kuɗin asibitin ya buga hatimin fita, ya ce Allah ya ƙara lafiya. Addu'arsa kuwa ta karɓu. Baba ya yi shekaru da ƙoshin lafiya, kullum da safe yana buɗe shago, ya zauna kusa da shatin da ƙafafun keken suka bari a siminti. Masu kawo ɗinkin Sallah, sai ya ce musu keken yana wurin gyara.