Zayyanar Baba a Littafin Aro

Shekarar da ciwon yana ya rufe wa Baba ido ita ce shekarar da na fito daga makarantar Midil, ina ji da kaina, gani nake babu abin da ban sani ba. Baba malami ne a Jakara. Littattafansa na rubutun hannu sun cika akwati biyu, warƙoƙi ne a sake, kowane littafi cikin bangonsa na fata, an naɗe da igiya.

Abin da ke ƙona min rai shi ne aro. Mutum ya shigo zaure ya yi ta "Allah ya gafarta Malam", ya fice da littafi, shi ke nan sai dai labari. Da idon ya tafi kuwa abin ya ƙazanta. Ni a makaranta na saba ganin kowane littafi da hatiminsa, sai na ce wallahi sai na yi maganinsu.

Tsofaffin littattafan gidanmu suna da 'yar takarda manne a cikin bango: zayyana zagayayya, a tsakiyarta an rubuta sunan mai littafin da na mahaifinsa. Na gwada kwaikwayonta da hannu, ta fito a karkace kamar waina ta ƙone. Har kasuwar Kurmi na je neman mai zana min. Wani dattijo mai ɗinkin gafaka, jakar fatar nan ta littattafai, ya kalle ni ya yi dariya.

Ya ce, "Ɗan boko, ai ba da ka ake zana ta ba. Kakanka yana da uwarta, takarda ce mai kauri da aka huhhuda da allura. Je ka duba a gidanku."

A ƙasan wata tsohuwar gafaka na same ta, ta yi baƙi ƙirin. Sai ka ɗora ta kan farar takarda, ka ƙulla garin gawayi a tsumma ka bubbuga, in ka ɗaga ga ɗige-ɗige sun fito, ka bi su da tawada. Kai, na ji daɗi! Kwana biyu ina yi a soron sama, ban gaya wa Baba ba, wai ni mai son a yi mamaki. Duk littafin da ba shi da takarda na manna masa da ƙaro, da sunan Baba ɓaro-ɓaro.

Akwai wani littafi mai jan zare ɗaure a igiyarsa. Na ce wannan tarkacen mata ne, na tsinke na yar. A cikin bangonsa akwai wani dusasshen rubutu, ban tsaya karantawa ba, na manna takardata a kai. Duk wanda ya zauna gaban Baba ya san jan zare alamar littafin aro ce. Ni da ke zaune gaban allon makaranta ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ran Alhamis da hantsi sai ga wani babban malami daga Madabo, da ƙanensa da ɗalibai biyu. Abokin Baba ne tun ƙuruciya. Bayan an gaisa an kawo ruwa da goro, ya ce ya zo karɓar littafin fiƙihun nan na hannun kakansa, wanda bai taɓa ba kowa aro ba sai Baba.

Baba ya ce da ni, "Ɗauko mai jan zaren."

Gabana ya faɗi. Na je na tsaya kan akwati, na dawo na ce ban ga jan zare ba. Baba ya ce in kawo akwatin gaba ɗaya. Ya riƙa shafa su ɗaya bayan ɗaya yana jin nauyinsu. A na bakwai ya tsaya, ya miƙa da hannu biyu.

Malamin ya kwance igiya, ya buɗe bango, ya ƙura wa takardata ido. Ƙanensa ya leƙa, ya karanta da ƙarfi, sunan Baba da na kakana, ya ce, "Ikon Allah! An ci gado mai abu na raye."

Baba ya ce, "Me aka gani?" Ya karɓi littafin ya bi cikin bangon da yatsa, ya ji tudun ƙaro, ya shinshina. Sannan ya juyo da fuskarsa daidai inda nake durƙushe. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma tsoro ya hana ni cewa ni ne.

Baba ya ce, "Ni na sa a manna. Na sha'afa da naka a ciki. Ka yafe min."

Malamin ya sa farce ya ɗaga gefen takardar a hankali. Ta taso da rubutun da ke ƙarƙashinta, sunan kakansa da hannun kakansa, ta bar wurin fari fat. Ya daɗe yana kallo. Ya naɗe igiyarsa, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Malam." Suka tashi, goron na nan inda aka ajiye.

Na jira duka, na jira zagi, da ma su na samu. Baba dai ya ce, "Ta fito daidai kuwa, zayyanar?" Na ce ta fito. Ya ce, "To, mayar da uwar inda ka ɗauko."

Har ya rasu littafin Madabo bai sake shigowa gidanmu ba, abokin nasa ma sai ranar jana'iza. Bayan shekaru ina tsaye a Kurmi na ji wani yana kwatanta gidanmu, ya ce gidan malamin nan da ya sa sunansa a littafin mutane. Na yi kansa ina ihu, na ce ni ne, ni na manna, Baba bai ma sani ba! Mutane suka taru suna ba ni haƙuri. Wani tsoho ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, haka ake son ɗa ya rufa wa ubansa asiri."