Ranar da Baba Ya Ji Cida Daga Bayan Motata

Shekarun baya can, a shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, daminar da ta gabata kuma ta tashi ba ta bar mana abin kirki a rumbu ba, ina da wata tsohuwar mota da nake jigilar fasinja da ita daga Matamaye zuwa kasuwannin ƙauye. Da gumin cin rani a Kano na saye ta. Injinta lafiya lau, abu ɗaya ne ke ɓata min rai: bafil ɗin baya, wato babbar lasifikar nan da kamfani ke sawa a bayan kujera don ta fitar da kaurin sauti. Rana ta gasa takardarsa har ta yage. Da ka kunna rediyo sai ka ji kamar an rufe zanzaro a gwangwani.

Yanzu in na tuna, dariya nake yi wa kaina. Mutane na jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, su ci, shanu na faɗuwa a bakin hanya, ni kuwa damuwata bafil. Amma duk wanda ya taɓa wuni a hanyar Kurni cikin bazara, da fasinjojin da yunwa ta hana hira, zai yi min uzuri.

Na je wurin abokina mai gyaran rediyo a bakin tasha. Ya leƙa, ya taɓa takardar da yatsa, ya ce, "Mutumina, wannan ya gama aikinsa. Irinsa na asali sai an aika Kwatano, kuma ba na talaka ba ne. Ga wani ɗan Sin nan, mai sauƙi. Ba shi da suna, amma yana da murya."

Sabon ya ɗan fi ramin tsohon faɗi, sai ya yanko katako ya zagaye bakin, ya ɗaure da kusoshi. Ya haɗa masa ɗan ampili mai ƙara ƙarfin sauti, ya ja waya ta ƙarƙashin tabarmar mota har batir. Da farko ya juya wayoyin, sautin ya fito a shaƙe kamar mai mura. Ya yi tsaki, ya musanya su. Ana cikin haka aka kira la'asar, na ce masa sai na je gida zan gwada sosai.

To, a gida akwai wata damuwar da ta fi ta bafil. Mahaifina manomi ne tun tasowarsa, kuma kunnensa ya daɗe da yin nauyi. Duk mai son magana da shi sai ya ɗaga murya, mu kuwa mun saba, ihu muke masa kamar masu kiran wanda ke ƙetaren fadama. A wannan shekarar ya daina fitowa zaure. Mahaifiyata ta kai masa tuwo, a dawo da shi kusan yadda aka kai. Ni kuma na ƙudura in kwashe su duka, da matata da yara, mu koma Kano wurin ƙanena har Allah ya kawo sauƙi. Sai dai ta yaya mutum zai tsaya yana yi wa ubansa ihu a kan maganar barin gida, maƙwabta na ji ta katanga? Duk lokacin da na fara, sai ya ɗaga min hannu ya juya fuska bango.

Na faka motar a jikin katangar ɗakinsa, inda nake ajiye ta kullum. Na sa wani kaset na kiɗan noma da na saya a Daura, na murɗa sauti. Gangar nan ta sauka, dum, dum, har madubin mota na rawa. Ina zaune ina jin daɗina, sai na hango Baba a ƙofar gida, da sandarsa, ba ko hula. Bai dube ni ba. Gabas ya fuskanta, ya ɗaga kai yana laluben sama, samar da babu ko ɗigon gajimare a cikinta.

Na kashe kaset na fito. Ya ce, "Kai, cida nake ji, rugugin hadari. Ta gabas ne?"

Mutumin da aka fita roƙon ruwa bai iya zuwa ba, ga shi tsaye ba takalmi yana neman hadari, ni ne kuma zan gaya masa gaskiya. Na kama hannunsa na kai shi jikin motar, na ɗora tafinsa a kan ƙarfen baya, na sake kunnawa. Na ɗauka zai yi fushi. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Ashe ganga ce," in ji shi. "Buɗe min in zauna."

Ya shiga baya ya jingina, ya lumshe ido, yatsunsa na bin kiɗan a kan gwiwa. Mahaifiyata ta leƙo daga zaure, ta rufe baki da gefen mayafi, ta koma ciki. Can ya ce in ja mu je gona.

Gonarmu tana kan hanyar Icirnawa. Muka iske ta fayau, sai rairayi da kututturan karan bara. Muka zauna a gindin gawo. Na ja numfashi zan fara ihun da na saba, ya dafa min gwiwa.

"Bar ihun nan. In kun yi ihu, ƙara kawai nake ji, kamar ana kankare tukunya. Ba ka ga gangar nan na ji ta ba? Matso nan, ta wannan kunnen. Yi magana ƙasa-ƙasa, da kauri, kada ka yi sauri."

Na matsa har kafaɗata na taɓa tasa. Na ce, a hankali, "Baba, kana ji na?"

Ya ce, "Ina jin ka."

Rabon da in ji ya amsa min magana tun a faɗar farko, har na manta. Na gaya masa komai: hatsin da ya rage, kuɗin mota da ba ya isa, ɗakin da ƙanena ya ce zai ba mu. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

Ya ce, "Na daɗe da sanin abin da kake so, a bakinka nake gani. Ba taurin kai ne ya hana ni amsa ka ba. Kunya ce, a ce maganar gidana sai unguwa ta ji kafin ni in ji. Ka kai matarka da yara wurin ƙanenka, su ci su ƙoshi. Ni da innarku muna nan. Akwai iri a tulu, na hana a taɓa. In duk muka tafi, wa zai sa shi a ƙasa? Ka kai su ka dawo, mu yi binne."

Haka aka yi. Na kai su Kano ta Ɗan Barto, na dawo. Muka binne gero a busasshiyar ƙasa, ni ina sara, shi yana bina yana zubawa yana takewa. Hatsin da gwamnatin soja ta riƙa sayarwa da rahusa ya ɗan riƙe mu, Baba kuma ya koma cin tuwonsa. Ruwa ya yi jinkiri, amma ya zo, kuma damina ta yi kyau. Da kaka na je na kwaso iyalina.

Baba ya ƙara 'yan shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa. A shekarun nan na yi hira da shi fiye da duk wadda muka yi tun ina yaro. A nan na ji labarin yadda ya fara neman mahaifiyata, da yunwar da su ma suka gani a zamaninsu, abubuwan da da sun tafi tare da shi.

Na je neman abin da zai ƙara min ƙara ne, sai na koyi rage murya. Yanzu ni ma yara sun fara cewa ina juyo da kunne ɗaya in ana min magana. Na riga na tara su na gaya musu tun da sauran jina: ranar da jin ya tafi, kada wanda ya tsaya daga nesa ya yi min ihu. Ku zo ku zauna kusa da ni.