Malam Na'ibi Mai Littafin Sanyi da Akwatunan Waziriyya

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Malam Na'ibi Abdulghaffar a shekarar 1951, daidai da 1370 bayan Hijira, a unguwar Hausawa ta garin Gadarif da ke gabashin Sudan. Mahaifinsa, Malam Abdulghaffar, manomin dawa ne wanda iyayensa suka taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar sauke farali, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka ajiye kaya a Gadarif, ajiyewar da ta zama zama. Mahaifiyarsa, Malama Zubaidatu, haifaffiyar garin ce. Shi ne na uku cikin 'ya'yansu bakwai.

Karatunsa

Ya sauke Alƙur'ani a shekarar 1965, ya kuma yi shekara huɗu a makarantar gwamnati, inda ya ƙware a rubutun Larabci da lissafi. Amma ilimin da ya ɗaukaka sunansa a gona ya same shi. Mahaifinsa ba ya shuka da lissafin watan sama; taurarin asuba yake dubawa da watannin rana, kuma ya sha gaya masa cewa watan sama na azumi ne da Hajji, yawo yake yi cikin shekara, ruwa da sanyi kuwa suna da lokacinsu, ba sa bin sa yawon. Na'ibi ya riƙe wannan magana da hannu biyu har ƙarshen rayuwarsa.

Zuwansa Jidda da Aikinsa

A ƙarshen shekarar 1974 ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda, ya cika niyyar da kakanninsa suka fito da ita. Bayan Hajji Allah ya haɗa shi da wani attajirin yadi a kasuwar Bab Makka mai suna Sa'ud, wanda ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, ya damƙa masa makullin sito. Shekara talatin da tara ya yi yana riƙe da makullin nan, ko ƙyalle bai taɓa ɓata ba.

Laima ita ce babbar abokiyar gabar yadi a Jidda, don haka akwai ma'aunin zafi da laima rataye a bangon siton. Ganin amfaninsa ya sa a watan Nuwamba na 1978 Malam Na'ibi ya sayi nasa, ya rataye a saman benen da yake haya, ya buɗe littafi. Kullum bayan sallar asuba sai ya hau ya rubuta darajar sanyin ranar, da inda iska ta fito, da ko an yi ruwa. Direbobin manyan motoci da ke zuwa daga arewa kuwa sun shiga uku da tambayarsa, domin kowane ya sauke kaya sai ya faɗi ranar da dusar ƙanƙara ta zuba a duwatsun Tabuka, shi kuma ya rubuta a gefen shafi.

'Yan kasuwa sun sha dariya. Sanyi a Jidda? Garin da mutum ke gumi yana cikin wanka? Suka laƙaba masa Mai Littafin Sanyi don tsokana, shi kuwa ya karɓi sunan ya rubuta shi da kansa a bangon littafi na biyu. Cikin shekara ashirin rubutun ya nuna masa abin da masu dariyar ba su gani ba: manyan ruwan da ya rubuta kusan duk sun faɗo ne tsakanin Nuwamba da ƙarshen Janairu, sanyi mafi tsanani yana zuwa daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, sau da yawa kwana biyu ko uku bayan labarin ƙanƙarar Tabuka, sannan safiyoyin da mutum ke neman rigar sanyi suna raguwa sannu a hankali.

Aurensa da Iyalinsa

A shekarar 1981 ya auri Mastura, ɗiyar wani tela na unguwar Bani Malik, mace mai kaifin baki da tsayawa kan magana. Suka tare a unguwar Waziriyya, a wani gida mai ƙaramin ɗaki a saman bene, ɗakin da ya zama mazaunin littattafansa kuma wurin hutawarsa. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, dukansu haihuwar Jidda. Hajiya Mastura takan ce ta auri mutum biyu, Na'ibi da ma'auninsa, amma ko sau ɗaya ba ta bari yara sun taɓa ƙusar da yake rataye ba.

Ambaliyar 2009 da Al'adar Akwatuna

Ranar Laraba 25 ga Nuwamba, 2009, daidai da 8 ga Zulhajji 1430, ruwa ya sauko a Jidda irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba, aka yi asarar rayuka da gidaje. Cikin Hausawa akwai iyalan da suka tsira da ransu amma takardunsu suka bi ruwa: fasfon kakanni, shaidar aure, shaidar haihuwar yara. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ma'anar wannan. Yaron da aka haifa a Jidda, ba shi da wani gari sai ita, in babu takarda ba iƙama, ba makaranta, ba aiki sai na ɓoye.

Saboda haka jama'ar unguwa suka tattara asalin takardun iyalai sittin da uku, har da na gidan Malam Na'ibi, suka zuba a akwatunan ƙarfe tara, suka ba dattijon unguwa, Kawu Sadiƙ, amana. Ya ajiye su a zauren gidansa da ke ƙasa, inda ake taron jama'a. Da yake ruwan ya zo ne a jajibirin Arfa, dattawa suka yanke cewa Zulhajji ne watan haɗari, suka kafa al'ada: in watan ya kama a hau da akwatuna ɗakin sama, wanda dama babu kowa a cikinsa lokacin saboda iyalin Kawu suna Makka wajen aikin alhazai, in Muharram ya shiga a sauko da su.

A shekarun farko kuskuren bai fito sosai ba. Amma wata yana ja baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, al'ada na biye da shi. Kafin a ankara, ga ƙarti suna hawa bene da akwatin ƙarfe a tsakiyar zafin Agusta, gumi har idon sawu, don gudun ruwan da ko gajimarensa babu, sannan su sauko da su zaure su jira damina. Kowace shekara Malam Na'ibi yakan je taro da littafi a hammata, ya buɗe, ya nuna. Kowace shekara Kawu Sadiƙ yakan ce abin da dattawa suka shaida da idonsu ba ma'aunin bango ne zai rushe shi ba. Ruwan 2011 da na 2017 sun tsaya a bakin ƙofar zauren ba su shiga ba, abin da ya ƙara wa Kawu ƙarfin gwiwa, ya ƙara wa Malam Na'ibi ciwon rai. Shekara goma sha biyu ana wannan ja-in-ja, kuma shi kaɗai ne a ɓangarensa.

Shekarar 2022

A wannan shekara Zulhajji ya faɗo a Yuli. Malam Na'ibi yana da shekara saba'in da ɗaya, ya bar aiki, ciwon gwiwa ya kama shi. A watan Oktoba ya je taro ya ce shi ba mai duba ba ne, bai san ranar da ruwa zai zo ba, Allah ne masani, amma lokacinsa ya sani. Ya yi tayin ɗakinsa na sama kyauta har ƙarshen Janairu, ya ce shi zai koma kwana a falo. Aka yi masa godiya, aka sha shayi, aka watse ba a yanke komai ba.

Da ya koma gida ya kasa cin abinci, domin shaidar haihuwar 'ya'yansa da jikokinsa tana cikin akwati na huɗu. Hajiya Mastura ta dube shi ta ce, "Malam, halas, ya isa haka, ka gama da maza. Mu muka haifi masu takardun nan." Ta bi gida gida, har ta shawo kan uwargidan Kawu, wadda makullin zauren ke hannunta. Ranar Alhamis 10 ga Nuwamba da hantsi, mata tara suka yi gammo, suka ɗora akwatuna a ka kamar yadda iyayensu ke ɗaukar tulu, suka ratsa layi a jere har ɗakin saman Malam Na'ibi, masu shaguna suna leƙe.

Kawu Sadiƙ ya fusata ƙwarai. A gaban masallaci ya ce, "Na'ibi, ka sa mata sun kwance mini amana. In takarda ɗaya ta ɓata, wuyanka." Malam Na'ibi ya ce, "Na ɗauka, Kawu." Mako biyu suka wuce sama fes. Samari na tambayarsa ko a kawo masa kwalekwale, wasu dattawa suka daina amsa masa sallama da sakin fuska. Wallahi ya ji jiki, amma kullum da asuba yana jan gwiwarsa ya hau bene.

Ranar Alhamis 24 ga Nuwamba, a ƙarshen Rabi'us Sani, watan da ba wanda ya taɓa jin tsoronsa a unguwar, ruwa ya tsuge tun da safe har bayan azahar. Zauren Kawu Sadiƙ ya cika har ƙirjin mutum. Tabarmi da matasai suka fita ta ƙofa suka bi layi. Da la'asar sai ga Kawu, tsoho ɗan tamanin, wando a naɗe, ya ratso taɓo ya hau benen Malam Na'ibi. Ya buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya shafa takardun, a bushe ƙayau, na iyali sittin da uku. Ya zauna a kan na ƙarshe, hawaye na zuba, ya ce, "Ɗauko littafin nan naka ka karanta mini daga farko."

Ƙarshen Rayuwarsa

Daga wannan shekara aka mayar da hawan akwatuna ranar ɗaya ga Nuwamba, saukarsu kuma ƙarshen Janairu, kuma sunan da aka sa masa don tsokana ya koma sunan girma. Malam Na'ibi bai taɓa goranta wa kowa ba, sai dai iyalinsa sun shaida cewa tafiyarsa zuwa masallaci ta canza, kai a ɗage yake tafiya. Da gwiwa ta hana shi hawa bene shi kaɗai, autarsa Hafsa, wadda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, takan riƙe shi su hau tare, ya karanta ma'auni, ya rubuta da hannunsa.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata 4 ga Fabrairu, 2025, daidai da 5 ga Sha'aban 1446, da hantsi, a gidansa na Waziriyya, bayan ya rubuta sanyin safiyar, yana da shekara saba'in da huɗu. Aka sallace shi bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar kudancin birni, jama'a har layi ya toshe.

Ya bar matarsa Hajiya Mastura, da 'ya'ya huɗu: Nuraddeen, Mus'ab, Mansura da Hafsa, da jikoki goma sha ɗaya, kowanensu da takardarsa. Ya bar littattafai arba'in da bakwai. A cikin na ƙarshe, a ƙarƙashin layin Talata, akwai layin Laraba da rubutun Hafsa, kuma har yau ba a tsallake rana ba. Ranar Asabar ɗaya ga Nuwamba, 2025, aka hau da akwatuna ɗakinsa kamar yadda ya tsara. Mata takwas ne suka ɗauka a wannan karo, domin na taran, wato ƙaramin, Kawu Sadiƙ ne ya ce a yi masa gammo, ya ɗora a kansa, ya shiga gaba. Allah ya jiƙan Malam Na'ibi, ya sanyaya makwancinsa.