Sa Hannun Baffa

Kafinta mutum ne mai zafin rai, duk layinsu an san shi da haka. Yana ɗan shekara shida ubansa ya fita da safe bai dawo ba. Baffa, yayan uban, shi ya zo ya shaida wa gida cewa ƙanensa ya gudu ya bar su. Da wannan maganar Kafinta ya girma, da ita uwarsa ta mutu tana sunkuyar da kai a gaban mutane.

Yana da shekara hamsin da takwas gwaggonsa ta kwanta ciwon ajali. Ta riƙo hannunsa ta ce, "Ubanka bai gudu ba. Asibitin kutare aka kai shi."

Washegari ya rufe shago. A asibitin, akawun ɗakin ajiyar takardu ya yi ta masa jeka-ka-dawo har sau biyar.

"Takardun shekara hamsin? Ai ko ni ban san inda suke ba."

Kafinta ya leƙa ɗakin, ya ga gara ta cinye kantoci, littattafai a zube a ƙasa. Ya danne zuciyarsa ya ce, "Zan gyara maka kantocin, ka bar ni in duba."

Kwana tara yana yankan katako da safe, yana buɗe littattafai da rana. A na goma ya ga sunan. Ranar shiga, ranar rasuwa, tsakaninsu shekara huɗu. Lambar kabari ɗari biyu da sha huɗu. A gefe, wurin ɗan'uwan da ya kawo majinyaci, ga sa hannun Baffa ɓaro-ɓaro.

Maƙabartar tana bayan katangar asibitin, ciyawa har gwiwa. Babu suna ko ɗaya, sai turakun ƙarfe masu lamba. Shi da tsohon mai gadi suka bi su ɗaya-ɗaya, suna kankare tsatsa da wuƙa, har suka sami na ubansa a lanƙwashe kusa da juji. Kafinta ya ɗaga kai, sai ya hango tankin ruwan unguwarsu. Tafiyar rabin awa ce a ƙafa.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai gidan Baffa. Tsohon yana kishingiɗe a kujera, jikoki na masa fifita. Kafinta bai ko gaishe shi ba.

"Shekara huɗu yana da rai, Baffa! Shekara huɗu, ga shi can ga mu nan!"

Baffa ya kawar da kai. "Da an ji, wa zai auri yayyenka mata? Asirinku na rufa."

"Asirinmu? Ka bar uwata ana yi da ita a gari, ka bar ni ina zagin mara lafiya tun ban san hagu da dama ba. Ko sau ɗaya ka je duba shi?"

Aka taso ana ba Kafinta haƙuri, wai tsoho ne, a bar abin da ya wuce. Ya fizge hannunsa ya fice.

Ya zaɓi katako mafi kyau a shagonsa, ya sassaƙa sunan ubansa, ya je ya kafa, ya nome ciyawar. Ya kai 'ya'yansa duka suka gani da idonsu.

Sau uku Baffa yana aikowa a kira shi. Na ukun, Kafinta ya ce wa ɗan'uwan da aka turo, "Ka ce masa duk ranar Asabar ina bayan asibiti. Ya san hanya."