Wayar Stojanka

Shekara talatin da ɗaya Stojanka ta yi tana naɗa waya a wata masana'antar rediyo a garin Nish, har aka rufe masana'antar. Ba ta taɓa sa taba a baki ba. Mijinta Vukashin kuwa kwali biyu yake tashi da shi a rana, sai da likita ya nuna masa hoton huhunsa sannan ya koma sigarin lantarki.

Wata rana ta same shi a kicin yana kokawa da 'yar wayar da ake naɗawa a cikin sigarin don ta ɗumama audugar da ke fitar da tururi.

"Tsoho, da waɗannan yatsun naka kamar rodi? Kawo nan."

Kafin ya gama gunaguni ta naɗe ta a jikin ƙusa. Cikin mako guda ta gane kan abin. Siririyar waya tana ɗaukar zafi nan take, amma tururinta kaɗan ne. Mai kauri tana jan batir, tana jinkiri, amma in ta tashi sai ta rufe fuskar mutum.

Vukashin ya zama abin kallo a shagon gahawar unguwa. In ya busa, sai 'yan karta su dakata har su sake ganin juna.

Sai ranar da ya ce a gaban baƙi wai miyar barkonon ƙanwarsa ta fi ta Stojanka. Washegari ta naɗa masa waya siririya kamar gashi. Ya zauna cikin abokai, ya ja da ƙarfi, ya busa ɗan abin da bai kai na kofin shayi ba.

Zhivorad mai gyaran takalmi ya dube shi. "Maƙwabci, me ka yi mata?"

"Batir ne ya yi sanyi."

"To je ka ba batir ɗin haƙuri."

Daga nan unguwa ta riƙa karanta zaman gidansu a tururin da ke fita daga bakin Vukashin. Ya gwada naɗa mai kauri da kansa, ya ƙona auduga, ya yini yana tari. Dole ya ci miyarta faranti biyu yana yabawa.

Matan abokansa suka ji labari. Mazan, waɗanda su ma suka koma sigarin lantarki, suna kawo mata aiki da safe, matan suna biyowa da rana su faɗi kaurin da ya dace. Zhivorad bai ga waya mai kauri ba har bazara ta wuce.

A shekara ta biyu Vukashin ya gaji da tsegumi, ya jefa abin a aljihun tebur ya daina gaba ɗaya. Likita ya yi ta yabon ƙarfin halinsa, Stojanka na gefe tana duba jakarta. Yanzu 'ya'yan kabewa yake ɓarewa duk yini, ita kuma tana bin sa da tsintsiya tana faɗa.