Inna Asta da Takardar da Na Rufe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, sha huɗu ga Janairu, aka bugo mini waya daga Zurmi cewa Allah ya karɓi ran Inna Asta. Sankarar mama ce ajalinta.

Inna, ni ne likitan gidanku, ni na duba 'ya'yanki da jikokinki a ɗan asibitina na Kaura Namoda. Ba ki taɓa shigowa hannu rabbana ba, ko gyaɗa ko daddawa, kina tsokanata wai karatu ya cinye mini nama.

Damina uku ke nan da kika nuna mini ƙullutun da ke mamanki. Hannuna ya san abin da ya taɓa. Na rubuta takardar tura ki Gusau da Turanci, na liƙe ambulan, na ce gwaji ne kawai. Kika dube ni kika ce, "Likita, hwaɗa mani, shi ka iya jira har a yanke gero?"

Na ce, "Allah zai sawwaƙe, Inna."

Kunya ce ta hana ni ambaton sunan cutar a gaban sa'ar mahaifiyata, na kuwa laƙaba wa tsorona suna tausayi. Kika ɗauki maganata da nauyinta, kika adana takardar a ƙasan adaka wata biyar. Ban kira ba, alhali ina da lambar ɗanki.

Da kika dawo daga Gusau da mama ɗaya, na zaci za ki tsine mini. Sai kika riƙa zama a bencin ƙofar asibitina ran kasuwa. Duk macen da ta fito da ambulan, ki tare ta, ki faɗa mata sunan abin ba kwana-kwana, ki sa mata ranar tafiya. Wata daga Shinkafi da ƙafarki kika raka ta tasha, ga ta nan da ranta. Aikina kike yi, ina kallo ta taga.

Allah ya jiƙan ki, ya sa jinyar nan ta zama kaffara, ya haskaka makwancinki.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Muhtari, da 'ya'yanki Rilwanu da Maijidda. Allah ya ba ku haƙuri. A zaman makoki kun riƙe hannuna kuna gode mini, na karɓi godiyar da ban cancanta ba. Watanni biyar ɗin nan ba sakacin mahaifiyarku ba ne, nawa ne. Ku yafe mini in za ku iya.