Wai idon ɗana yawo yake

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ɗana na fari aikinsa rubuta wa kwamfuta umarni, ordinatar dai, yadda muke ce mata a nan Garwa. Ni ban wuce makarantar allo ba, ban san me yake rubutawa ba. Amma na san ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba.

Ya ga yarinya a unguwarmu Jambutu, suna son juna, muka kai goro. Danginta suka turo kawunta bincike yadda aka saba, wani dillalin shanu daga Maiganga. Mutumin nan bai tambayi maƙwabta ba, bai je wurin liman ba. Zaurena ya shigo ya baje a tabarma. Yaron na gefe yana aiki, ya durƙusa ya gaishe shi, ya koma kan tebur.

Kawun ya tsura masa ido. Na san abin da ya gani, ni ma na sha gani: idon yaron ya sauka ƙasan gilashin kwamfutar, ya haura sama, ya kafe wuri guda, ya koma baya. Leɓe ko motsi.

Da na raka shi ƙofa ya ce, "Malam, yaronka na shan ƙwaya ne?"

Na ce, "Wace ƙwaya, Alhaji?"

"Mai karatu layi yake bi, bakinsa na motsi. Wannan idonsa yawo yake, irin na 'yan moto masu haya da babur da ke haɗiyar tiramol."

Na kira yaron. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wannan rubutun ba a bin sa daga farko zuwa ƙarshe. Layi ɗaya sai ya aike ka wani wuri, ka je ka duba, ka dawo. Kuskure nake nema."

Na ce, "Alhaji, kai in za ka sayi sa, daga ƙaho kake bin sa gashi gashi har wutsiya? Ba haƙori kake dubawa, ka faɗa kofato, ka dawo tozo ba?"

Ya ce, "Ni sa nake kallo. Shi me yake kallo?" Ya zura takalminsa.

Ranar Juma'a aka dawo mana da goronmu. Ba wanda ya sake tambayarmu komai. Zama ɗaya, mutum ya kalli idon ɗana ya yanke masa aure, alhali ko kunna na'urar bai iya ba.

Yaron ya koma kan aikinsa. Ya juya teburinsa ya fuskanci bango, duk baƙon da ya shigo ƙeyarsa yake gani. Yanzu kuma a unguwa cewa suke girman kai gare shi.